Abubuwan da ya kamata ka sani game da galahanga: yaron, gidansu, da yadda ake ba da labarinsu

A unguwanni da dama akwai gidan da aka sani da yaron da ba ya magana, ko ba ya amsa kira, ko ba ya zama wuri ɗaya. Maƙwabta ba sa rasa abin cewa. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce uwar ce ta sangarta shi, wata tsohuwa kuma ta ce a ƙyale shi, ai ubansa ma sai da ya yi wayo bakinsa ya buɗe. A cikin irin waɗannan yara akwai masu lalurar da likitoci ke kira otizim, wadda kafafen yaɗa labarai na Hausa suka fi kira galahanga. A wasu ƙasashe an rubuta ƙagaggun labarai da yawa, an kuma yi finafinai, a kan iyalin da ke rainon irin wannan yaro, har ta kai jama'a da dama daga nan suka fara jin lalurar kafin su ji ta a bakin likita. Mai rainon yaron, da maƙwabcinsa, da marubucin da ke son ba da labarinsu, abu ɗaya suke bukatar riƙewa tun farko: duk abin da yaron nan yake yi yana da dalili, kuma ana iya gano dalilin.

Mece ce galahanga?

Galahanga bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa. Yana farawa tun yaro yana ciki, ya bayyana a shekaru biyu ko uku na farko, ya kuma zauna da mutum har tsufansa. Ba a ɗaukar ta daga wani, ba hauka ba ce, kuma ba a gane ta a fuska. A bakin mutane akan jefa yara iri-iri a ƙarƙashin suna ɗaya, don haka sai an rarrabe. Yaro mai lalurar Dawun, wadda ke zuwa da kamannin fuska na musamman, daban yake. Wanda gaɓoɓinsa suka sanƙare ko suka saki saboda raunin da ƙwaƙwalwa ta samu wajen haihuwa, shi ma daban. Kurma daban. Mai otizim sau da yawa lafiyayye ne a ido, yana gudu, yana hawa katanga, shi ya sa ake saurin ɗora masa taurin kai.

Likitoci suna neman abubuwa biyu, kuma sai sun haɗu ake cewa otizim ce. Na farko shi ne wahalar cuɗanya da isar da saƙo. Yaro ba ya mayar da murmushi yadda aka saba, ba ya nuna wa uwarsa abin da ya burge shi, ba ya karanta fuska da murya, ba ya shiga wasan yara ko bai san yadda ake shiga ba. Na biyu shi ne maimaita abu ɗaya da riƙe tsari ɗaya: kaɗa hannuwa, jujjuya jiki, jera kaya a layi, nacewa a kan hanya ɗaya da kwano ɗaya, tare da jin ƙara ko haske ko taɓi fiye da kima, ko kuma ƙasa da kima.

Lalurar ba ta zuwa da nauyi ɗaya. Kusan ɗaya cikin huɗu ba sa magana ko kaɗan, ko suna da 'yan kalmomi ƙalilan. Kusan ɗaya cikin uku suna da raunin fahimta a tare da ita. Wasu kuwa sun yi jami'a, sun yi aure, suna aiki, sai dai taron jama'a yana gajiyar da su, ana kuma yi musu kallon miskilai. Tun 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya haɗa duk waɗannan a suna ɗaya, ya kasa su mataki uku gwargwadon taimakon da mutum yake bukata.

Yadda aka gano ta, da yawanta

A 1943 Leo Kanner, likitan ƙwaƙwalwar yara a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, ya wallafa bayanin yara 11 masu wannan hali. Shekara ɗaya bayan haka Hans Asperger ya rubuta irin nasa a Ostiriya, ko da yake tun 1925 wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, ta riga su. Yaro na farko a jerin Kanner, Donald Triplett, ya girma a ƙaramin garinsu inda kowa ya san shi yake kuma kula da shi. Ya yi aiki a banki, ya tuƙa mota, ya zaga ƙasashe, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. A 1979 Lorna Wing, likita a Ingila wadda ita kanta take da 'ya mai lalurar, ta nuna tare da Judith Gould cewa abin mataki-mataki ne, kuma ya fi yadda ake zato yawa.

An daɗe ana ɗaukar ta lalurar Turawa. A 1978 Victor Lotter ya bincika yara a ƙasashen Afirka shida, har da Najeriya, ya same ta. A 2014 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan suka ruwaito cewa kashi 2.3 cikin 100 na sababbin yaran da aka kai sashen cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suna da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin yaro 1 cikin 100 a faɗin duniya, kuma an fi gano ta a maza, kusan huɗu ga mace ɗaya. A Amurka ƙididdigar yara 'yan shekara 8 ta tashi daga 1 cikin 150 a 2000 zuwa 1 cikin 36 a 2020, kuma babban ɓangaren wannan ƙaruwa ya zo ne daga faɗaɗa ma'anar lalurar da yawaitar gwaji.

Me ke kawo ta?

Mafi girman dalili yana cikin ƙwayoyin halittar da mutum ke zuwa da su. A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka bincika tagwaye a Ingila, suka ga cewa idan tagwayen na ƙwai ɗaya ne, ɗayan kuma yana da lalurar, ɗan'uwansa ya fi kusa da samunta nesa ba kusa ba. A 2019 wani bincike da ya shafi yara sama da miliyan 2 a ƙasashe biyar ya ƙiyasta cewa gado yana da kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ke bambanta mai ita da marar ita. Sai dai a fahimci gadon da kyau. Ɗaruruwan ƙwayoyi ne ke haɗuwa, wasu daga uwa, wasu daga uba, wasu kuma sabon sauyi ne da ya faru a halittar yaron shi kaɗai. Saboda haka maganar dangin miji cewa “mu a zuriyarmu babu irin wannan” ba ta da tushe, haka ma idan dangin mata ne suka faɗa. Idan gida yana da yaro ɗaya mai ita, kusan ɗaya cikin biyar na ƙannensa kan zo da ita, don haka ya kamata a sa musu ido da wuri.

Akwai abubuwan da ke ƙara yiwuwarta ba tare da sun zama dalili su kaɗai ba. Daga ciki akwai manyantar uba ko uwa lokacin ɗaukar ciki, haihuwar bakwaini, ƙarancin nauyin jariri, doguwar naƙudar da ta hana jariri iska, ciwon suga a lokacin ciki, da shan maganin farfaɗiya mai suna valproate da juna biyu. Mace mai farfaɗiya kada ta daina magani da kanta. Ta je wurin likita tun kafin ta ɗauki ciki a duba wanda ya dace da ita.

Zargi biyu sun yi ɓarna sosai a tarihin wannan lalura. Na farko ya faɗa kan iyaye mata. Bruno Bettelheim, a littafinsa na 1967, ya yaɗa cewa rashin ƙaunar uwa ne ke sa yaro ya janye jikinsa, aka shafe shekaru mata suna kuka da laifin da ba su yi ba, kafin binciken tagwaye ya rushe maganar. Na biyu ya faɗa kan rigakafi. A 1998 Andrew Wakefield ya wallafa rahoto a kan yara 12 yana danganta otizim da allurar da ta haɗa ƙyanda da hangum da rubela. A 2010 mujallar Lancet, wadda ta buga rahoton, ta janye shi, aka kuma soke lasisinsa na aikin likita a Ingila. A 2019 bincike a kan yara sama da 650,000 a Denmak ya sake tabbatar da cewa babu alaƙa. Arewacin Najeriya ya san kuɗin da ake biya idan aka guji rigakafi, tun ƙauracewa allurar shan inna da aka yi a Kano a 2003.

Abin da ke sa irin wannan zargi ya kama zuciya shi ne lokaci. Wasu yaran sukan fara 'yan kalmomi, su ce “mama”, su yi bai-bai, sai tsakanin wata 15 zuwa 24 komai ya ɗauke. A gidan Bahaushe wannan shi ne lokacin yaye, lokacin da akan kai yaro wurin kaka, kuma wani lokaci uwa ta riga ta samu wani cikin. Sai a ce yaye ne ya taɓa shi, ko ya sha ciki, ko an yi masa baki a gidan da aka kai shi. Abubuwan sun faɗo a lokaci ɗaya ne kawai. Sauyin yana tafe a ƙwaƙwalwar tun kafin a cire shi daga nono. Haka nan babu hujjar cewa talabijin ko waya ke haddasa ta, ko da yake barin yaro yini guda a gabansu yana cinye lokacin da zai koyi magana da mutane.

Alamomin farko

Akwai abubuwan da ya kamata su sa a nemi likita ba tare da jira ba: jariri ya shekara ba ya juyowa idan an kira sunansa, ya kai wata 16 babu kalma ko ɗaya, ya kai wata 18 ba ya nuni da yatsa don a ga abin da ya gani, ya shekara biyu ba ya haɗa kalmomi biyu, ko ya rasa abin da ya riga ya iya a kowane lokaci. Nunin yatsa ya fi yadda ake zato muhimmanci. Yaron da ya ga jirgin sama na kwalejin tuƙin jirage ta Zariya yana wucewa, ya nuna, ya waigo ya dubi fuskar uwarsa, yana gaya mata ne cewa “kin ga abin da na gani?” tun bai iya magana ba. Mai otizim yakan kalli jirgin shi kaɗai. Idan ƙishirwa ta kama shi, sai ya kama hannun uwar ya ja ta zuwa randa, ya ɗora hannun a kan murfi, ba tare da ya dube ta ba.

Wasu al'adunmu masu kyau sukan rufe waɗannan alamomi. Yaron da ba ya kallon babba ido cikin ido, kunya ake gani a tare da shi. Jaririn da ke kwance shiru ba ya neman a ɗauke shi, haƙuri ake yaba masa. Idan ɗan fari ne, uwa tana kunyar nuna damuwa a kansa a gaban surukai, ko ma yana hannun kaka. Ga kuma maganar nan ta cewa maza ba sa saurin baki. Da haka shekara biyu ko uku mafi daraja suke wucewa, alhali ƙwararren likita yana iya gane lalurar tun yaro yana shekara biyu.

Yadda abin yake a wajen yaron

A ɗauki misalin gida a Kwangila da ke Zariya, inda babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ta bi ta kan gada, ta ƙasa kuma hanya ta nufi Samaru da Shika da Funtuwa. Uwa ta fito da ɗanta ɗan shekara huɗu za su tari mota. Tirela tana danna oda, 'yan kamasho suna kiran Kano da Kaduna, 'yan acaɓa suna kutsawa, hayaƙin mai tsire ya haɗu da na salansa, wani mai sayar da magani ya ƙure lasifika. Ƙwaƙwalwar yawancin mutane tana tace wannan duka, ta danne abin da ba a bukata, ta bar muryar wanda ake magana da shi. Ga yaro mai otizim tacewar ba ta yi masa haka. Kamar an kulle shi a ɗaki ne an kunna rediyo biyar, kowace da tasharta, aka kuma ce ya saurari guda. Sai ya toshe kunnuwa, ya fara jijjiga, ya ƙwalla ƙara, ya zube a ƙasa. Kafin uwar ta ɗaga shi, wani ya riga ya ce, “Hajiya, ki tsawata masa mana.”

Wannan birkicewa ta bambanta da birgimar da kowane yaro ke yi. Mai birgima akwai abin da yake so, yana satar kallon mutane, kuma da an ba shi ya yi shiru. Wanda ya birkice kuwa abu ne ya fi ƙarfinsa, ba ya ganin kowa, ko an miƙa masa alewa ba zai karɓa ba. Tsawa da duka ƙarin ƙara ne a kan ƙarar da ta riga ta yi masa yawa. Abin da ke aiki shi ne a janye shi zuwa wuri mai shiru, a rage magana, a tsare shi kada ya ji rauni, a jira ta lafa.

Daga nan ake fahimtar sauran halayen. Jera murafen kwalba a layi, ko zura wa fanka ido tana juyawa, ko kaɗa hannuwa, hanyoyi ne na kwantar da jiki, kuma idan ba su cutar da kowa ba babu dalilin hana su. Nacewa a kan tsari ɗaya yana zuwa ne daga wahalar hasashen abin da zai biyo baya, don haka canja hanyar islamiyya ba tare da an gaya masa ba yana iya ɓata yini guda. Wanda ke cin tuwo gaya ya ƙi miyar kuɓewa, yauƙin ne bakinsa ba ya iya ɗauka. Sabuwar shadda mai sitati ranar sallah tana iya zame masa azaba, haka ma ƙugin injin aski a bayan kunne. Wani kuma akasin haka ne: zai taka garwashi ko ya yanke bai yi kuka ba, shi ya sa ake duba jikinsa a kai a kai.

Magana ma tana da nata salon. Wasu sukan maimaita abin da aka faɗa musu, a ce “Kana son ruwa?” su ce “Kana son ruwa?”, kuma sau da yawa hakan yana nufin e. Wani zai rera tallar rediyo daga farko har ƙarshe, ko ya haddace surori da wuri, amma ba zai iya cewa cikinsa na ciwo ba. Masu magana sosai sukan ɗauki zance a yadda ya fito. Hausa kuwa cike take da habaici da gatse da karin magana. Uwa ta ce cikin fushi, “To, ci gaba, ka kyauta,” sai ya ci gaba. A ce “duba min ko ruwa ya tafasa,” ya je ya duba, ya wuce abinsa, domin ba a ce ya dawo ya faɗa ba.

Haɗarin da ya fi kowanne shi ne ficewa daga gida. Wani bincike na 2012 a Amurka ya nuna kusan rabin yaran sun taɓa yunƙurin sulalewa, kuma ruwa yana jan da yawansu. Gidan da ke kusa da babban titi, ko yake da rijiya a tsakar gida, ko kududdufi a baya, yana bukatar sakata a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, da murfin rijiya mai kwado, da maƙwabtan da aka gaya wa gaskiya don su riƙe shi idan sun gan shi a waje.

Hanyar asibiti da abin da ke taimakawa

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna otizim. Likita yana gane ta ne ta hanyar tambayar iyaye da kallon yaro yana wasa. Akwai takardar tantancewa mai tambayoyi 20, M-CHAT, ta yara 'yan wata 16 zuwa 30, wadda ke nuna ko ana bukatar zurfafa bincike. Matakin farko kullum shi ne gwajin ji, domin sanƙarau da shawara mai tsanani ta jarirai suna kashe kunne. Daga Kwangila hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda ake da likitocin yara da na ƙwaƙwalwa. A cikin birnin Zariya akwai Cibiyar Lafiyar Yara ta Banzazzau. A Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, a Kano kuma asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Yana da amfani a ɗauki ɗan bidiyon yaron a waya yana abin da ya saba a gida, domin a gaban likita ba lallai ya yi ba.

Babu maganin da ke warkar da otizim. Ana ba da magani ne don abin da ke rakiyarta, kamar farfaɗiya, wadda ta fi yawa a cikinsu, ko rashin barci, ko fushi mai kai ga cutar da kai, inda likita kan rubuta irin su risperidone yana bibiya. Abin da ke sauya rayuwar yaro shi ne koyarwa da wuri, kullum, a cikin harkokin gida. Ƙwararrun koyar da magana sun yi ƙaranci a Arewa, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. Irin wannan giɓi ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shirin horar da masu raino, na yara 'yan shekara 2 zuwa 9, mai zama tara na rukuni da ziyarar gida uku, aka kuma gwada shi a Habasha da Kenya.

Ginshiƙan shirin ba su fi ƙarfin kowace uwa ba. A durƙusa daidai tsayin yaro, a shiga wasan da ya zaɓa maimakon a janye shi zuwa wani. A yi magana gajera: “Ruwa. Sha ruwa.” Idan ya ja hannu zuwa randa, a ɗan dakata, a ba shi damar yin sauti ko nuni, sannan a ba shi nan take. Wanda ba ya magana ana iya koya masa miƙa hoton abin da yake so, kuma hakan ba ya hana baki buɗewa. A sanar da shi kafin a canja abu. Wanka, cin abinci, sa tufafi, kowanne darasi ne da ke dawowa kowace rana.

Addu'a ba ta karo da asibiti, kuma iyali masu imani, a masallaci ko a coci, suna samun ƙarfi daga gare ta. Abin gudu shi ne duk wani magani da ke cutar da jiki: turara hayaƙi mai shaƙewa, tsaga, yanke ƙarƙashin harshe wai don baki ya buɗe, duka da sunan korar aljani, ko ɗauri. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Yaron da ba ya iya faɗin abin da aka yi masa shi ne mafi rauni a irin wannan wuri. Masu damfara da rigar likitanci ma suna nan: a 2005 wani yaro ɗan shekara 5 ya rasu a Amurka wajen wani magani da aka ce yana wanke ƙarfe daga jini ya warkar da otizim.

Nauyin da gida ke ɗauka

Mafi yawan nauyin a kan uwa yake sauka. Ita ce ba ta barci, ita ce ta daina zuwa biki da suna don gudun ido, ita ce ake cewa ba ta iya tarbiyya ba. A gidan da ake da kishiya zargin sammu yakan shiga tsakani ya raba zumunci, wani auren ma a nan yake mutuwa. 'Yan'uwan yaron, musamman yaya mace, sukan zama masu raino tun suna ƙanana. Uban da ya raka matarsa asibiti, ya ji bayani da kunnensa, ya kuma tsaya ya yi wa danginsa bayani da bakinsa, ya sauke mata kaya mai yawa.

Makaranta wata matsala ce. Aji mai yara masu yawa da karatu da ƙarfi a tare yana da wuya ga mai jin ƙara fiye da kima, kuma makarantu da dama sukan ce a zo a ɗauke shi. Doka tana gefen iyaye. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman, wadda ta tanadi haƙƙin ilimi, a 2020 kuma aka kafa hukumar ƙasa mai kula da su. Tsakanin takarda da aji akwai tazara, amma sau da yawa ƙaramin gyara yana isa: kujera a gefe kusa da malami, izinin fita idan hayaniya ta yi yawa, da malamin da aka zauna aka yi wa bayani.

Idan za a mayar da shi labari

Fim ɗin Rain Man na 1988 ya sanar da jama'a da yawa wannan lalura, amma ya bar mutane da zaton kowane mai otizim gwanin lissafi ne, alhali masu irin wannan baiwa tsiraru ne. Masu kallon finafinan Indiya sun ga Shah Rukh Khan a My Name Is Khan na 2010, da Priyanka Chopra a Barfi! na 2012. A littafin Mark Haddon na 2003, The Curious Incident of the Dog in the Night-Time, yaron ne da kansa yake ba da labari, mai karatu kuma yana ganin yadda auren iyayensa ya tsage a ƙarƙashin nauyin. Masu baiwa na gaskiya suna nan. Temple Grandin, wadda ba ta yi magana ba sai bayan ta wuce shekara uku, ta zama farfesar kimiyyar dabbobi, ta kuma sauya yadda ake gina shingayen shanu a Amurka. A ranar 2 ga Afrilun 2025, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa lalurar tun 2007, aka baje zanen Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, ɗan shekara 15, a Abuja, wanda ya shiga kundin Guinness da faɗin fiye da murabba'in mita 12,000. Sai dai labarin da ya mayar da baiwa sharaɗin ƙauna ya zalunci mafi yawan yaran.

Marubucin Hausa yana da nasa tarkon. Hannu ya saba da labarin da kishiya ta yi asiri, aka tone layar, yaro ya buɗe baki ya kira “Umma” a shafin ƙarshe. Matar da ke rainon irin wannan yaro za ta karanta, surukarta ma za ta ji a rediyo, washegari a koma neman wanda ya yi asirin. Tarko na biyu shi ne mayar da yaron dolon da ake dariya da shi. Na uku shi ne a mai da shi kayan jarrabawa kawai, a ba kowa zuciya a labarin ban da shi. Abin da labari ke bukata yana cikin yinin gidan: daren da ba a yi barci ba, kuɗin mota zuwa Shika, yayar da ke jin haushi tana kuma kare shi a layi, watannin da aka yi ana koyon shiga banɗaki. Kuma yaron yana da abin da yake so da wanda yake ƙi, yana da wanda ya fi yarda da shi a gidan, ko bai taɓa furta sunansa ba. Wanda zai rubuta ya zauna da iyali fiye da ɗaya, da yardarsu, ya kuma ɓoye duk abin da zai sa a gane su.

Idan yaro ya girma

Koyo ba ya tsayawa da ƙarewar yarinta, kuma wasu sukan fara magana bayan shekara biyar. Balaga tana zuwa a kan lokacinta, don haka tun kafin ta zo ake koyar da tsarki, da suturta jiki, da sanin wanda aka yarda ya taɓa shi da wanda ba a yarda ba. Ga 'ya mace wannan kariya ce da ba a jinkirta ta. Son tsari da lura da ƙananan abubuwa sukan dace da sana'o'i irin su ɗinki, saƙa, kiwo, gyaran waya ko aikin kwamfuta, idan aka samu maigida mai haƙuri da wurin aiki marar hayaniya. A shari'ar Musulunci rabonsa na gado yana nan cikakke, kuma idan ba zai iya juya dukiya ba waliyyi ne ke riƙe masa ita da amana. Ya kamata iyaye su zauna da dangi tun suna da ƙarfi, a fayyace wanda zai riƙe shi da inda zai zauna, a rubuta, a kuma sa shaidu.